Lamba Biyar Da Ya Bar Gidansa

Jama'a a gyara zama, mai shayi ya rage rediyo. Yau zan gabatar muku da Katangar Palladan, Dodon 'Yan Gaba, mutumin da ƙwallo ke ganinsa ta canza hanya: Yaya Yunana, lamba biyar. Idan ba ku taɓa jin sunansa ba kada ku damu, duniya ma ba ta ji ba.

A wani filin makaranta a Samaru ya fara, ƙafa ba takalmi. Daga 2001 zuwa 2005 ya yi kulob uku. Na farko mai shi ya shiga siyasa ya manta da su, na biyu motarsu ta mutu kulob ɗin ya bi ta, na uku suka faɗa ƙasan rukuni. Sai Oga Uzodinma, mai sayar da kayan gyaran mota a unguwar PZ, ya ɗauke shi kulob ɗinsa na Sabon Gari.

To ga matsalar. A wasannin da suke bugawa, mai gida ba ya rashin nasara. Idan kun je waje kun riƙe canjaras har ƙarshe, sai rafali ya nemo fenareti, kuma ai sai an ɗora wa wani. Wa ya fi Yunana dacewa? Dogo, baƙi, ga fuska kamar an ci masa abinci. Kakar wasa ɗaya fenareti bakwai a kansa. Har ya koyi wasa hannuwa a baya kamar hedimasta, duk da haka aka ce ya taɓa da hannu.

A 2007 Koci Albert ya kira shi gefe. "Yunana, na san ba laifinka ba ne, amma Oga ya gaji. Fenareti ɗaya kuma, ka ajiye mana rigarmu."

Shekarunsa talatin da ɗaya a lokacin, gwiwa tana ƙara kamar ƙofar langa-langa. Ya san in ya bar nan babu kulob na biyar.

Aka tafi wasan waje. Minti tamanin da takwas babu ci, masu gida suka sami bugun kwana. Sai Yaya ya yi dabarar da ba a taɓa yi ba tunda aka ƙirƙiro ƙwallo: mai tsaron baya ya fice daga gidansa, wato gaban ragarsu. Ya taka har tsakiyar fili ya tsaya, ya naɗe hannu.

Golansu Remi yana ihu, "Yunana! Kasuwa za ka? Dawo mana!"

"Ina nan inda kowa ke ganina," in ji shi.

Aka bugo kwana. Ɗan gaban masu gida ya yi tsalle shi kaɗai, ya faɗi shi kaɗai, ya hau birgima kamar kunama ta harbe shi. Fiiit! Fenareti. Rafali ya waiga yana neman lamba biyar, bai gan shi ba. Da ya hango shi, wallahi sai da ya yi gudu har tsakiyar fili ya ɗaga masa jan kati.

"Ranka ya daɗe, daga nan na ture shi?"

"Kai dai fita."

Oga Uzodinma bai je wasan ba, sakamako kawai ya ji. Ranar Litinin aka karɓi riga.

Yanzu Yaya gadi yake yi a wani gidan hayar ɗalibai a Samaru. Jiya na same shi a bakin get, na karanta masa wannan tun daga sama, har da muryar masu sharhin rediyo. Na ce, "Yaya, ka kwantar da hankalinka. Na wanke ka, duniya za ta san an cuce ka!"

Ya dube ni, ya dubi takardar.

"To. Riƙe min ƙofar nan, mota za ta fita."