Uwar Ƙullun Hajjo

Ranar wata Asabar a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu, ƙullun kakata Hajjo ya yi ambaliya tun kafin la'asar. Na dawo daga kai wa su Baba abinci gona na tarar ya ture faifai, ya malalo ta wuyan tukunya yana kumfa yana huci, kaji suna ta tsattsaga. Wani wari mai hawa kai ya cika tsakar gida. Hajjo ta tsaya a kansa da ludayi a hannu, ta ce, "Wannan ba tashin lafiya ba ne." Da gari ya waye ƙullun ya kwanta, wainar ta fito a daskare, ta kama tanda.

Duk ƙauyenmu, can gabas da Ɗanbatta, ba wanda bai san wainar geron Hajjo ba. Sirrinta yana cikin wata 'yar tukunya baƙa da ke ƙarƙashin gadonta, wadda take kira uwar ƙullu. Kullum sai ta rage ɗan tsohon ƙullu a ciki, ta ɗiba ta tayar da sabo, ta mayar da wani. Ta ce daga hannun mahaifiyarta ta karɓe ta. Mu jikoki surfe da kai niƙa da tsintar kara ne namu, amma ni kaɗai aka yarda in taɓa tukunyar, wai hannuna yana da albarka. Wannan yabon ne ya kumbura mini kai. Ga ni da kwaɗayin zaƙi kamar ƙuda, sai na raya a raina cewa abin da ke mini daɗi zai yi wa uwar ƙullu daɗi. Na saci sukarin shayin Baba, cikin gwangwanin madara guda, na juye mata. Da na ga abin ya lalace, sai na ƙara wani washegari, wai ko za ta farfaɗo.

A bayan katangarmu akwai Iya Falmata, tsohuwa 'yar asalin Barno da ta fi shekara talatin a garin. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa ko jika. Kowace safiya takan shigo da kasko ɗibar wuta, ta ba mu gyaɗa soyayya daga bakin zaninta. A safiyar Asabar ɗin ta leƙa tukunya ta ce ƙullun ya yi kyau, ba ta ce tubarkalla ba. Wata cikin matan gidan ta tuna da haka a rana ta uku, ta faɗa a hankali tana tankaɗe. Da farko kambun baka aka ce. Da zazzaɓi ya kwantar da ƙanena Sani a makon, yana firgita yana kiran sunaye, sai maganar ta koma wata kalma da ba a faɗinta da ƙarfi. Aka hana mu karɓar gyaɗarta. Mata suka riƙa janye gugansu idan ta iso rijiya, yara suka bar yin langa a ƙofarta. In ta yi sallama a gidanmu sai tsakar gida ta yi tsit, ta juya da kaskonta ba wuta.

Ni kuwa na san komai, na kuma ja bakina na yi gum. Tsoron bulalar Baba nake ji, na fi tsoron a ce hannuna ba shi da albarka. Sani ya warke bayan an yi masa allura a asibiti, amma ba wanda ya janye maganar.

Kafin a yanke gero Iya Falmata ta ɗaure kayanta za ta koma wurin wasu dangi a Kano. Ta kira ni ta kan katanga, ta miƙo mini wata 'yar ƙwarya a rufe. Ta ce, "Ungo, kai wa Hajjo. Irin nata ne, ita ta ɗibar mini shekarun baya, ban bari ya mutu ba." Na buɗe a hanya, ƙullu ne lafiyayye mai ƙamshin tsami. Hajjo ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce in kai bayan gida in zubar. Da hannuna na zubar da shi a gindin zogale.

Yau kimiyya nake koyarwa a makarantar sakandare. Nakan gaya wa ɗalibai cewa ƙwayoyin yis masu rai ne, a jikinsu akwai umarnin da suka gada na haɗa sinadaran narkar da abincin da ke cikin hatsi. In suka sami sukari a sauƙaƙe sai su rufe wannan umarnin, su afka wa zaƙin, su yi kumfa da warin giya, sannan su lafa. Yaran sukan rubuta su wuce. Yanzu yis a leda ake sayensa a kowane shago, ba mai ajiye uwar ƙullu, ba mai shiga maƙwabta ɗibar wuta. Hajjo ta rasu ban faɗa mata ba, Iya Falmata kuwa ko kabarinta ban sani ba. Har yau in na ji ƙamshin waina, Iya Falmata nake fara nema wa gafara kafin kaina.