Kwana Biyu a Bayan Babur Zuwa Wurin Nasiru a Duwatsun Abzin

Lahadi: Kaduna zuwa Damagaram

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, muna idar da salla, muka fito daga gida a Unguwar Shanu, ni da ƙanena Habu. Jakata ɗaya ce: kaya kala uku, garin kunu, da katin shaidata cikin leda. An yi ruwa, kwatoci sun cika, sai da muka taka har bakin titi kafin muka sami keke zuwa tashar Kawo.

Ga abin da ya fitar da ni. Ɗana na uku, Nasiru, shekararsa guda ke nan yana aikin haƙar zinariya a ƙasar Nijar, can cikin duwatsun Abzin, arewa da Agadas. Ranar Juma'a abokin aikinsa ya bugo mini waya, ya ce rami ya rufta wa Nasiru a ƙafa, an kai shi wani ƙauye wurin mai ɗori, amma ƙafar ta kumbura ta fara wari. Ya ce akwai motar albasa guda ɗaya da ruwa ya tsare a ƙauyen, za ta fito ranar Laraba bayan azahar, in ta fito kuwa babu wata sai bayan damina. Sun yi sun yi da shi ya bi ta zuwa asibiti, ya ƙi, wai yanke masa ƙafa za a yi. “Mama, in ba ke ba, ba wanda zai ɗaga shi.” Mahaifinsu ya rasu, don haka ni ce.

Mota ta tashi bakwai saura kwata. Mun shiga Kano sha ɗaya, muka sake wata zuwa Daura, daga nan sai Kwangwalam, bakin iyaka. Wani jami'i ya juya katina ya ce, “Hajiya, Agadas wurin me?” Na ce ɗana ne ba lafiya. Ya dube ni ya miƙo mini, ya ce Allah ya ba shi lafiya. Mun isa Damagaram ana kiran magariba, muka ci shinkafa da wake, muka kwana a rumfar tasha a kan tabarmar haya.

Litinin: Damagaram zuwa Agadas

Babbar mota ce, ta tashi ƙarfe biyar. Har Tanut ina ganin gero a gonaki. Daga nan itatuwa suka yi ta raguwa har suka ƙare. An sauke mu sau huɗu ana duba takardu. Mun shiga Agadas biyar na yamma, ƙafafuna sun kumbura.

Habu ya zaga tasha ya dawo jiki a sanyaye. Babu motar da za ta hau dutse, ruwa ya cinye hanya. Sai babur, kuma kwana biyu ne, kilomita ɗari biyu da 'yan kai. Ya zo da mutum biyu, Abzinawa, sun naɗe fuska da rawani, ido kawai ake gani. Babban sunansa Alhasan, zai yi shekara hamsin, shi zai ɗauke ni. Ɗayan Attahir, shi zai ɗauki Habu da jarkokin mai da na ruwa. Alhasan ya ce in mun tashi da wuri, in Allah ya so, Laraba da hantsi muna can.

Ya dubi hijabina mai jan ƙasa ya ce, “Hajiya, wannan ki ɗaure shi a ƙugu. Kuma in mun hau, ki riƙe ni da hannu biyu.”

Na ce to. Amma a raina na san ba zan iya ba.

Talata: rairayi da tsakuwa

Shida daidai muka bar gari. Jandarmomi a bakin gari suka rubuta sunayenmu, ɗayansu ya tambayi Alhasan ko ya ji labarin hanya. Suka yi magana da yarensu, ban ji ba, amma na ga ya nuna gabas da hannu yana girgiza kai.

Ku da kuka san ni kun san duk hawan acaɓar da na yi a Kaduna, daga Unguwar Shanu zuwa kasuwa ko asibiti, ƙarfen baya nake riƙewa. Na ja jiki baya, na bar tazara, kamar kowace matar kirki. Tunda nake ban taɓa kama ƙugun namijin da ba nawa ba. To haka na yi a nan ma.

Awa biyun farko hanya ce ta tsakuwa, sai girgiza, haƙora na haɗuwa. Bayan Dabaga muka bar hanya gaba ɗaya muka faɗa cikin wani busasshen kwari mai rairayi. Babur ya riƙa wutsil-wutsil kamar kifi. In ya kwanta dama, ni don tsoro sai in karkata hagu.

“Hajiya, riƙe ni!”

“Na riƙe, Malam.”

“Ƙarfe kika riƙe. Ina jin ki, kina ja mini baya.”

Ƙarfe sha biyu muka tsaya ƙarƙashin wata ƙaya. Suka dafa shayi mai ɗaci a 'yar buta, suka ba mu cuku da dabino. Ko'ina ka duba baƙin dutse ne, ba tsuntsu, ba akuya, ba sawun mutum. Na ciro waya, babu sabis. Habu ya matso ya ce, “Yaya, don Allah ki riƙe bawan Allahn nan. Nan ba titin Kawo ba ne, ba wanda zai kai gulmarki.” Attahir ya yi dariya. Na ce masa ya rufa mini baki, ai na ji.

Biyu da rabi muka soma hawan dutse. Hanyar ba ta fi faɗin tabarma ba, dama bango, hagu rami. Alhasan ya sake cewa in riƙe shi. Na ɗora yatsu biyu a gefen rigarsa, da muka ci karo da wani dutse sai na janye na koma wa ƙarfena, na jingina baya da dukan nauyina. Ƙafar babur ta gaba ta ɗaga sama. Abin da na sani kawai, na ji ni a ƙasa, babur a kaina, salansa tana cin ƙaurina, bakin hijabina ya naɗe cikin sarƙa yana shaƙe ni. Alhasan ne ya zaro wuƙa ya yanke shi. Da na juya kai, tsakanina da bakin ramin bai fi kamu biyu ba.

Ba wanda ya yi mini faɗa. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. Sarƙa ta tsinke, ƙafar baya ta lanƙwashe. Suka shimfiɗa buhu suka zazzage ƙarafa, suna ƙwanƙwasa da dutse. Habu ya wanke mini ƙunar da ruwa kaɗan, don an ce a yi tattalinsa. Ina zaune ina kallon inuwar dutse tana tsawo, ina lissafin Laraba bayan azahar. Ba su gama ba sai da rana ta faɗi. Attahir ya gasa gurasa cikin rairayi da garwashi. A nan muka kwana, inda bai kamata mu kwana ba.

Laraba: dutse da ruwa

Da asuba Alhasan ya ce babur ɗinsa zai tafi, amma a hankali. Ga shi an kwana ana walƙiya a kan duwatsun arewa, ya ce wannan ruwan duk kwarin da ke gabanmu zai gangaro. Shawararsa ita ce Attahir da Habu su yi gaba da gudu su tsayar da motar albasa, mu mu biyo baya.

Habu ya dube ni. Na ce, “Je ka. In ka isa ka ce masa ina tafe.” Ina jin ƙarar babur ɗinsu har ta ɓace. Daga ni sai mutumin da na sani shekaranjiya.

Alhasan ya ɗauko jakar kayana ya ɗora a kan kujera a tsakaninmu. Ya ciro wani rawani daga buhunsa, ya zagayo da shi ta bayana, ya ɗaure a cikinsa tamau.

“To, Hajiya, rungumi jakarki. Ba ni kika riƙe ba, kayanki kika riƙe. In na kwanta ki kwanta, in na tashi ki tashi. Kada ki dubi rami, dubi wuyana.”

Na rungume jaka har da shi, na rufe ido ina salati. Wallahi sai na ji babur ɗin ya daina faɗa da mu. Kunya ta kama ni, ba ta riƙon ba, ta jiya.

Wajen tara da rabi ya kashe inji ba zato, ya tura mu bayan wani ƙaton dutse, ya ce kada in yi tari. Can ƙasa na hango motoci biyu buɗaɗɗu suna gudu a fili, da mutane tsaye a baya. Muka yi kusan minti ashirin a laɓe. Da suka ɓace na ce, “Su wane ne?”

“Ban sani ba. Shi ya sa.”

Sha ɗaya da kwata muka iso babban kwarin. Tun kafin mu gan shi muke jin rurinsa. Ruwa ja, yana tafe da itace da duwatsu. Ga sawun babur ɗin su Habu ya shiga, sun haye kafin ya cika. Alhasan ya kwance mu, ya kafa tsinke a bakin ruwan ya zauna yana kallo. Na ce, “Malam, azahar fa ta kusa.” Ya ce, “In kin shiga yanzu, ɗanki gawarki zai nema.” Ina kallon tsinken nan kamar shi zai ba ni Nasiru.

Sai ɗaya da rabi ruwan ya ja baya daga tsinken kamar taku uku. Ya toshe bakin salansa da leda, ya tura babur ya kai tsallake, ruwa har cinyarsa. Ya dawo ya ba ni bakin rawani na naɗa a hannu. Sanyin ruwan ya shiga ƙunata kamar wuƙa. A tsakiya ƙasa ta zame daga ƙarƙashin ƙafata, na tafi, na sha ruwa, takalmina ɗaya ya wuce. Ya fizgo ni. Ban san lokacin da na ƙanƙame hannunsa ba, kuma ban saki ba sai a kan tudu.

Babur ya ƙi tashi sai a bugu na takwas.

Ƙauyen

Uku da minti goma muka gangaro, sai ga kore, lambunan rumman da dabino a tsakiyar dutse. Abin da idona ya fara nema mota ce. Tana nan, an lafta mata buhuna, direban yana ta faɗa, Habu kuwa ya zauna a ƙasa a gaban tayarta. Da ya gan ni ya ce, “Yaya, Nasiru ya ƙi. Ni na gaji.”

Tun daga ƙofar bukkar mai ɗorin warin ya tare ni. Nasiru na kwance a tabarma, ya rame, leɓɓansa sun fashe. An ɗaure ƙafar da karare. Na ɗaga tsumman, yatsun sun yi baƙi. Na mayar na rufe a hankali.

“Mama, ke ce? Da ƙafa ɗaya ba takalmi?”

“Ni ce. Tashi mu tafi.”

“Yankewa za su yi, Mama. Wa zai ba gurgu aiki? Mai ɗori ya ce nan da sati biyu...”

Na kama kansa na ɗora a cinyata, jikinsa kamar garwashi. Na ce, “Nasiru, ni ba ƙafa na haifa ba, kai na haifa. Na binne babanku, ba zan binne ka a dutsen mutane ba. In sun yanke, sun yanke. Tashi.”

Ya yi kuka sosai, na bar shi ya yi. Sannan ya ce a kira su Habu su ɗaga shi.

Aka shimfiɗa masa bargo a kan buhunan albasa. Na yi sallama da Alhasan, ya ce in bar masa addu'a, in kuma na sake zuwa Abzin in zo da gajeren hijabi.

Komowa

Motar ta bi wata doguwar hanya ta yamma, muka isa Agadas ranar Alhamis da la'asar, kai tsaye asibiti. Likita ya duba ya ce sai an cire daga ƙasan gwiwa. Aka kawo takarda na rubuta sunana. Na tambaye shi ko rabin yinin da na ɓata a hanya ne ya jawo. Ya ce a'a, ƙafar ta mutu tun kafin in baro gida, amma ransa ne muka tarar da kyar. Na karɓi maganarsa, ko da yake har yau nakan tuna gangaren nan.

Kwanansa goma sha tara a gado. Muka biyo hanyar da muka zo, kwana biyu, muka sauka Kawo ƙarfe biyar na yamma, keke ya kawo mu ƙofar gida. Nasiru ya ƙi sauka. Ya ce, “Mama, ki fara shiga ki gaya musu. Duk mai kuka ya yi ya gama kafin in shigo.”

Na shiga na gaya wa ƙannensa da maƙwabta. Aka yi, aka share ido. Sannan na leƙa na ce masa bismilla. Ya shigo da sandunansa, ya yi sallama da ƙarfi, ya ce a ba shi tuwo miyar kuka, ya gaji da taliya.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Habu, da Attahir, da direban albasa duk da faɗansa, da ku da kuka riƙe mini gida. Alhasan kuwa, Allah ya tsare shi a duk dutsen da zai hau. Nasiru yana tsakar gida yanzu haka, jiya ya kai bakin masallaci da kansa ya dawo.