Bishiyar da Ta Shanye Rijiyar Ermelinda

Duk ƙauyen an san Ermelinda da abu biyu: kabejin bayan gidanta, da bakinta. Tun tana yarinya take jan ruwa a rijiyar da kakanta ya haƙa a wannan lungu na ƙasar Fotugal. Da ruwan ta reni 'ya'ya, da shi take ban ruwan kabejin da take yankawa siriri-siriri ta zuba a miyar dankali.

Ana nan sai ga mijinta Aníbal, tsohon direban motar ɗaukar katako, rungume da dashen bishiyar turare a gwangwani. Wai zai riƙa dafa ganyen yana surace saboda tari.

"Wannan ta daji ce, tsoho, ba ta gida ba," in ji ta.

"Haba tsohuwa, ɗan tsiron da bai kai sandata ba?"

Ya dasa ta dab da bakin rijiya, don kada ya wahala wajen kai mata ruwa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jigilar gumaguman irin wannan bishiya mai shanye ruwa fa! Ya kafa mata sanda, ya ɗaure da tsumma, in sanyi ya tsananta har buhu yake lulluɓa mata. Ermelinda ta ce ko 'ya'yan cikinsa bai taɓa lulluɓewa haka ba.

Shekaru kaɗan bishiya ta wuce rufin gida. Guga ya fara dawowa rabi, daga baya sai laka. Kabeji ya yi yaushi ya kwanta.

"Zo ka leƙa! Gimbiyarka ta shanye rijiyar kakana!"

"Fari ne, kowa kuka yake."

"Fari a gidana kaɗai? Ta maƙwabcinmu Firmino cike take!"

Ranar kasuwa, Aníbal yana fita ta kira maƙwabcin nasu Firmino da zarton injinsa. Ya zagaya gindin, ya sosa ƙeya.

"Inna Ermelinda, sara kaɗai ba ya kashe wannan. Sai an tone kututturen. Ga shi saiwar ta kutsa cikin ginin rijiyar, ana ja za ta rufta."

"Sara na ce ka yi, ba wa'azi ba!"

Ya sare. Da Aníbal ya dawo ya tarar da kututture, sai ya cire hula ya tsaya kamar mai gaisuwar mutuwa. Ko kallo bai ishe ta ba.

Da aka yi ruwan farko, kututturen nan ya tofo ta ko'ina, rassa tsaye cirko-cirko, ganye shar. Aníbal ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ɗaya kika kashe, ga dangi sun zo ta'aziyya!"

Ba ta tone ba, don ba za ta rusa rijiyar da hannunta ba. Kullum da safe sai ta fito da ƙaramin gatari tana fille tohon tana tsine masa, shi kuma yana sake fitowa. Rijiya dai laka ce har yau.

Ruwan kabeji yanzu daga famfon dandalin ƙauye yake zuwa. Aníbal ke turo jarkoki a baro, yana haki, ita tana biye da shi.

"Tura, direba! Kuma ka zubar da ɗigo ɗaya ka gani!"