Lamba biyu ta mutu a Komadugu

Ƴata ce ta hana ni komawa gona, kuma da lamba ɗaya tak ta yi shi.

Shekarar da muka gudo daga wajen Geskeru, salulata ta faɗa cikin kogin Komadugu. Na tsamo ta, na shanya ta kamar tattasai. Ta tashi, amma lamba biyu ba ta sake aiki ba. Yayan yarinyar ma a kogin muka baro shi. Ba na maganar wannan.

A Difa ta shiga koyon ordinata, wato kwamfuta. Da ƙungiyarmu ta manoman tattasai ta tashi sake rabon gonakin bakin kogi, aka ba ta aikin tsara tambaya a waya. Kyauta mana, tunda ƴar koyo ce. Ta zaunar da ni tana bayani.

"Baba, kamar mararraba ce. Kowace lamba da ƙofarta. Ka danna ɗaya, kana zama a gari. Ka danna biyu, kana son gona."

"Wanda bai danna komai ba fa?"

"Akwai ƙofar ƙarshe. Duk wanda na'ura ba ta gane ba, can take jefa shi."

"Ina take kaiwa?"

"Gari."

Madalla da ilimi. Mu da jaki muka saba, shi ko ya ƙi hanya kana ganin kunnensa.

Ranar zaɓi muryar ƴata ta fito daga wayar, da Hausa da Barbarci, da ladabin da ban taɓa samu a gida ba. Na danna biyu. Na sake dannawa har farcena ya yi fari. Sai muryar ta ce ta gode, an sa ni cikin masu zama a gari. Har da yi mini addu'a.

Da ta dawo na ce, "Ke, lambobi nawa ne a waya?"

"Goma, Baba."

"Duk goman nan, sai matacciyar kika ga ta dace da gona?"

"Bayan ɗaya ai biyu ce."

"To me ya hana gona ta zama ɗaya?"

Ta ci gaba da tsince shinkafa. Can ta ce, "Mutum ɗaya na ba kogin nan. Ya ishe shi."

Maƙwabcina, wani masunci da ya zo daga Boso, ya ce abin ai ba wuya: in cire layina in sa a wayarsa, in sake kira kafin a rufe. Biyunsa lafiya lau take. Na cire layin, na riƙe shi a tafin hannu. Ina jin ƴata a bayan zana tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Na mayar da layin inda yake.

An ba wani gonar. Na ji tattasansa ya yi kyau, Allah ya ƙara.

Yanzu ina kasuwar Difa, ina auna tattasan mutane ina atishawa. Mai gyaran waya yana rumfar da ke kallon tawa. Ban kai masa ba.