Bas Ɗin da Ba Ta Son Inuwa

Duk abin da tsufa zai ɗauke mini, ba zai ɗauke kakar da maigidana ya kai ni gona a ɗaki mai taya huɗu ba.

Direba ne, Allah ya jiƙansa. Da ciwon suga ya kama shi, likita ya ɗora shi kan allurar da ba ta son zafi, sai a firij. Ni kuwa na kafe cewa ya gama kwana a gonarmu ta Sorau, inda ko sandar lantarki babu. Mutumin da ƙanshin sabuwar gyaɗa ya fi masa nama! Bai yi musu ba. Sai kawai na ga ya cire kujerun tsohuwar bas ɗinsa, ya shimfiɗa katifa, ya ɗaure faifan sola a kan rufi. Batir a ƙarƙashin gado, wayoyi ja da baƙi ko'ina, ga ɗan firij a kusurwa. Maƙwabtanmu na Nassarawo suna leƙowa suna dariya.

Na ce, "Baban yara, wuta za ka sa mana?"

Ya ce, "Ƙwarai kuwa, Mama. Irin mai kawo sanyi."

A tsakar gida komai ya yi aiki, muka kama hanya. Da isarmu bakin mayo, rafin da ke gefen gonar, ya murza sitiyari ya shige ƙarƙashin wata ƙatuwar tsamiya. To, wane direban Mubi ne zai ga inuwa ya bar mota a rana?

Washegari da la'asar na buɗe firij na ji ɗumi. Gabana ya faɗi, don in allurar ta lalace sai gida. Na naɗe kwalaben a jiƙaƙƙen zane ina faɗa: "Ban gaya maka ba? Tattara mu koma!" Ya bi wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, gumi na zuba, bai ga komai ba. Ya hau rufi, ya ɗaga kai ya ga ganye, sai ya tuntsire da dariya.

"Mama, da yunwa muka bar motar nan! Ita rana take ci."

Ya fitar da ita tsakiyar fili, da hantsi firij ya fara gurnani. Muka zauna har aka gama tonon gyaɗa, yana gasa mini ita a bakin ƙofar mota. Ashe kakarsa ta ƙarshe ke nan.

Bas ɗin tana nan a gida. Yara sun so tura ta ƙarƙashin mangwaro, na ce kada wanda ya taɓa. Firij na aiki har yau, ruwa kawai ke ciki. Nakan shiga in zauna a katifarsa, kewarsa ta cika ni.

Na koyi cewa ba kowa ake karewa da inuwa ba. Da tsorona ya yi nasara, da na tsare shi a ɗaki na hana shi ranar da ta rage masa.