Ranar da Aka Rataye Ni a Sikelin Sakkwato

Ana sallame sallar asuba muka ɗaura wa jakai kaya muka bar Ƙwanni, mu biyar. Abokan tafiyata kanwa da dabino za su kai kasuwa, ni kuwa ƙaro na ɗauko zan kai kantin Turawa a Sakkwato. Ƙaron ma ba nawa ba ne. Surukina ne ya kwashe rani guda yana bin itatuwa a daji yana tara shi. Ku da kuka san dattijon nan kun san shekara ashirin ina zaune da 'yarsa, bai taɓa aike na ko sayen gishiri ba, wai bakina ya fi ni girma. Ciwon ƙafa ne ya kwantar da shi bana. Ya miƙo mini taiki biyu yana kallonsu kamar sun yi bankwana ke nan.

A bakin iyaka muka tarar da duwan, masu karɓar kuɗin fito na Faransa. Masu kanwa aka ƙirga musu jakai aka sallame su, ƙarona kuwa aka ɗora shi a sikeli, aka ce kilo talatin. Da sojan da ke awon ya juya baya sai na haye sikelin da kaina, don tun da aka haife ni ban san nauyina ba. Ya waiwayo, ya duba, ya ce kilo casa'in. 'Yan tafiya suka yi ta dariya, wai na yi kayan jaki uku. Daga nan har Gwadabawa duk wanda muka gamu da shi sai na gaya masa: ƙaro talatin, mai ƙaro casa'in.

A Illela wani dogon mutum mai jakai shida ya shigo ayarinmu, shi ma ƙaro ya ɗauko, nasa bai taɓa hawa sikelin kowa ba. Hanyar nan rairayi ne mai kai mutum gwiwa, wani wurin ma na rantse kunnen jakina kawai nake hangowa. Amma ƙasar akwai albarka. A Gwadabawa anini biyu, kuɗin nan na Ingilishi mai huda a tsakiya, aka dama mini furar da sai da na huta sau uku kafin in ga gindin ƙwarya. Muka kwana a zango, muka wuce Kware. Can ne mai jakai shida ya ƙirga kayansa ya ga taiki ɗaya babu. Ya yi cigiya, ya yi rantsuwa, shiru. Tun daga lokacin bai ƙara yi wa barkwancina dariya ba.

Rana ta huɗu da hantsi muka iso gulbin Rima. Fadama ce kore shar iyakar ganinka, shinkafa nan, albasa can, kowace albasa kamar kan jariri. Muka haye a kwalekwale, jakai na iyo a gefe. Da na ɗaga kai na ga garin bisa tudu, ganuwa ta naɗe shi, sai bakin nan nawa da ba ya rufuwa ya rufu. Ta Ƙofar Kware muka shiga. Duk zauren da ka gifta karatu ke fitowa, wani tsoho na jan baƙi, wasu masu furfura sun duƙa gabansa da littattafai. A unguwar majema jajayen fatu ne shanye har ƙasa ta koma ja. Na ci hoce, na ci tuwon shinkafa da miyar da har yanzu in na tuna sai na haɗiyi yawu. Na je ziyara Hubbare, inda na ga ƙarti majiya ƙarfi suna tafiya a hankali kamar masu tsoron tada barci. Har mota na gani, guda ɗaya, ta wuce tana tari, jakina ya zauna daɓas a tsakiyar hanya.

Washegari muka nufi kanti, wajen Sabon Gari. Sikelinsu na ƙugiya ne, rataye a jikin katako. Da son gaba irin nawa, ni na fara miƙa kaya. Akawun, wani mutumin kudu mai farin wando, ya duba ya ce, "Laba sittin da shida."

Na fara murna, na ce albarkar garin ce ta shiga ƙaro. Sai na ji an damƙi wuyan rigata ta baya. Mai jakai shida ne.

"Talatin kac ce muna tun Illela. Talatin da shiddan ga, ina ka samo su? Taikina ka juye cikin naka."

Na ce kilo na ce. Aka tambayi akawu, ya ce shi sabon zuwa ne, laba ya sani. Jama'a suka taru, wani ya tafi kiran dogari. Jama'a, a rayuwata na faɗi abubuwa da yawa da suka fi gaskiya tsawo, amma ban taɓa ɗaukar allurar wani ba. Ga shi lamba ta tsaya a kaina ƙiri-ƙiri, har ni kaina na fara tunanin ko cikin barci na yi. Na hango kaina gaban alƙali, na hango labari ya riga ni isa gida, surukina yana gyaɗa kai yana cewa dama ya faɗa.

Wani tsohon malami ne ya tsaya, irin waɗanda ake kira wurin rabon gado, da gafakarsa a kafaɗa. Ya saurari kowa bai katse kowa ba, sannan ya dube ni.

"Ban da ƙaron ga, akwai abin da anka aza bisa sikelin Faransa gaban shaidu?"

"Allah shi gafarta Malam, sai ni."

Abokan tafiyata biyu da suka rako ni suka shaida casa'in, mai jakai shida ma ya ce ya ji ta har ta gundure shi. Malam ya ce a rataye ni. Aka kawo igiya da buhu aka yi mini mazauni, ƙarti huɗu suka ɗaga ni suka maƙala a ƙugiya, ina lilo, katako na kuka, rabin Sakkwato na kallo. Akawu ya ce laba ɗari biyu ba biyu.

"To," in ji Malam, "shi kuma wa ya sata ya haɗiye?"

Ya tsuguna ya share ƙasa da tafin hannu. Casa'in, a ninka, ɗari da tamanin. A ɗora ushirinsa, wato kashi ɗaya cikin goma, sha takwas: ɗari biyu ba biyu. Talatin, a ninka, sittin, a ɗora ushiri: sittin da shida. Ya ce nauyi ɗaya ne, mudun kowane Bature ne daban. In kuma daga laba za ka koma kilo, raba biyu, ka cire ushiri, ka kusa. Bai taɓa ganin sikelin Faransa ba, da yatsa ɗaya da ƙasa ya auna Turawa biyu. Ya kaɗe hannu ya wuce, ina rataye ban ko samu na yi masa godiya ba.

Mai jakai shida da kansa ya kama aka sauke ni, ya nemi gafara, na yafe. A hanyar dawowa muka tarar da taikinsa wurin sarkin zangon Gwadabawa, ko ɗaurin bakinsa ba a kwance ba.

Abin da na koyo a tafiyar nan, in an faɗa maka lamba, tambayi sikelin wa. Kuma akwai mutane a duniya da ilminsu ke kwance ƙulli ba su ɗaga murya ba.

Na isa gida na sauke wa surukina amanarsa cif, na ba shi labari tun daga duwan har ƙugiya. Ya sa na maimaita masa lissafin Malam sau biyu. Sannan ya ce, "Ganuwar tasu, tsawonta kamu nawa?"

"Baba, ta yi kamu ashirin da biyu."

Ya lanƙwasa yatsu yana motsa baki. "Goma ke nan. Ashe kai tun farko da laba kaka magana." Ya jawo sandarsa. "In an yi kaka, kai za ka kai mini gyaɗa."