Sai Baba Ya Duba

Duk mai ɗinkin da kekenta ya fara tsinka zare a unguwar, wajen Baba Mai Keke take nufa. Shagonsa ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai sayar da katifa da mai wankin hoto. In mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙo gaisuwa. Kawunan kekuna ne jere a kan kanta, wasu an kawo gyara, wasu masu su sun manta da su tuntuni. Ga gwangwanayen madara cike da kusoshi da karyayyun allurai, waɗanda shi kaɗai ya san dalilin ajiye su. Warin man keke kuwa ya kama komai, har hular kansa.

A ƙarƙashin teburin aikinsa, lulluɓe da tsumman goge hannu, kullum akwai littafi. Kada ka ɗauka na koyon gyara ne. Ko dai na soyayya, ko na rikicin 'yan makarantar kwana, ko irin wanda mutane ke tashi sama a bayan dabbar da ba a taɓa gani ba. Dattijo ne mai furfura har a gira, mai ɗaurarriyar fuskar da ke sa a biya shi ba ciniki. In ka kama shi da littafin a hannu, amsarsa ɗaya ce: "Na Auta ne. Dubawa nake."

Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe, mace ɗaya bayan maza uku. Tana ajin farko na sakandare ta shigo gida da wani littafi da ƙawarta ta ara mata, a bangonsa saurayi da budurwa suna kallon juna kamar an ba su aikin. Mamanta ta tsinto shi a ƙarƙashin filo, ta riƙo shi da yatsa biyu ta kai wa maigidan. Nan take ya kafa doka: daga ranar ba littafin da za a sake karantawa a gidan sai ya fara dubawa. Niyyarsa ya buɗe shafi biyu uku, ya samo laifi, ya hana. Ya tafi da shi shago da safe. A ranar wata mai ɗinki ta yi zuwa biyu karɓar kekenta, duk tana tarar da shi yadda ta bar shi.

Da yamma ya kira Auta. Ta zo ta durƙusa tsuru-tsuru tana jiran faɗa.

"Na duba," in ji shi. "Babu abin kunya a ciki. Amma yaron nan sakarai ne."

"Wane yaro, Baba?"

"Wanda take so ɗin. Ga ɗan maƙwabcinsu mai hankali yana ta yi mata hidima, ita kuma ta liƙe wa mai motar da ba ya amsa gaisuwa."

Auta ta manta cewa ita ce mai laifi. Ta ɗago kai ta ce, "Ai yana da dalili, Baba. An taɓa yaudararsa ne."

"Kowa ma an taɓa yaudararsa, bai hana mu amsa gaisuwa ba."

Daga nan aka faro. Duk littafin da Auta ta samo, sai ya kwana a shago tukuna, sannan ya dawo da hukunci. Shi kuwa da harshen sana'arsa yake yanke hukuncin. Littafin da ya gamsar da shi, sai ya ce ɗinki ya kama. Wanda marubucin ke tsallen-tsallen labari, jiya ana gaba yau an wayi gari ana soyayya ba dalili, sai ya ce allura tana tsallake. Akwai kuma waɗanda ke farawa da kyau, a tsakiya su koma surutu. Irin su yake cewa zaren ƙasa ya ƙare, keke na ta gudu yana ƙara, amma in ka ɗaga yadin ba abin da ya haɗu. Jefi-jefi yakan samu wanda zai ce, "Wannan sai kin ƙara shekaru." Su ma sai ya karance su tas, wai don ya tabbatar.

Da Auta ta samu waya, ta shiga wata ƙungiyar masu karatu inda ake bai wa littafi taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Ya fara da raina abin, daga baya ya karɓe shi hannu bibbiyu, sai dai marowaci ne na ƙin ƙarawa. Uku a wajensa babban yabo ne. Huɗu sai a yi shekara ba a ji ba. Biyar kuwa ya ce na littafin da ba shi da wurin gyara ne, shi kuma tunda yake bai taɓa kwance keke ya rasa abin gyarawa ba. Auta mai kyauta ce, in littafi ya sa ta kuka ta ba shi biyar ta huta. A kan tauraro guda sai su yi ta musu tun daga shago har ƙofar gida.

Masu ɗinki suka gano shi, suka laƙa masa Alƙali. Kafin su tsallaka titi wajen matar da ke ba da hayar littattafai, sai sun biyo ta shagonsa sun ji ra'ayi. Yakan sha mur ya ce shi ba makaranci ba ne, aikin tarbiyya yake yi, sannan ya shafe rabin awa yana bayani. Matarsa ma ba ta ƙyale shi ba.

"Malam, yarinyar nan fa ta gama sakandare. Har yanzu dubawar ba ta ƙare ba?"

"Yanzu ne ma ya kamata a sa ido," in ji shi.

Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, shi mutum ne da bai iya hira da 'ya'yansa ba. Yana son mazan nan uku har cikin ransa, amma in suka zauna tambayoyinsa ba sa wuce ya aiki, ya iyali, an ci abinci. Daga nan kowa sai ya kama kallon bango. Da Auta kaɗai ya samu ƙofa. A kan ɗan bencin shagon, tana cin gyaɗa tana kare wata jarumar littafi, ya san abin da ke ba ta tsoro da abin da ke ba ta dariya, ya san lokacin da ƙawaye suka juya mata baya tun kafin mamanta ta sani. Shekarun nan sun yi masa daɗi ƙwarai, kuma ya san sun yi.

Auta ta yi karatun jinya tana zuwa daga gida, ta gama, aka ba ta aiki a wani asibiti mai nisa, tafiyar yini guda a mota. Ranar tafiya ya raka ta tasha, ya tsaya a kan direba har sai da aka ɗaure jakarta yadda yake so. Ta leƙo ta taga tana dariya, idonta jawur.

"To Baba, yau dai ka huta. Shekara da shekaru ina sa ka karatun dole."

"Ai kuwa na huta," ya ce, shi ma yana dariya.

A hanyar komawa shago maganar ta yi ta yi masa yawo a kai. Abin da ya fahimta shi ne yarinya ta girma, ta gaji da sa ido, ta sallame shi cikin ladabi. Bai ga laifinta ba. Wace budurwa ce mai aikin kanta za ta ci gaba da kai wa tsoho littafi ya duba mata?

Tana kira a kai a kai, amma a wayar mamanta. Su yi ta hira, har kuɗin haya da halin maƙwabta, sannan a ce, "Ga Babanki." Ya karɓa. Ya aiki, lafiya lau. Ya garin, lafiya lau. Kina cin abinci dai ko? Ina ci, Baba. Sai shiru ya ratsa, yana jin numfashinta tana jin nasa, har ya ce, "To, ga mamanki." Kullum in ya miƙa wayar sai ransa ya ɓaci, don yana gani ƙiri-ƙiri Auta na komawa kamar yayyenta, kuma bai san yadda zai tare abin ba. Ƙarƙashin teburi ma ya zama wayam. Da wane baki zai je hayar littafin soyayya, alhali unguwa duk ta san wadda ake duba wa ta tafi?

Ana nan, wata safiya zai buɗe shago, mai hayar littattafai ta ɗaga murya daga tsallaken titi.

"Alƙali, ƙarshen labarin mai kiwon gajimare ya iso fa."

Labari ne mai kashi-kashi da shi da Auta suka daɗe suna bi. Wata yarinya ce aka gadar wa aikin kora gajimare zuwa garuruwan da ke buƙatar ruwa, tana da wani tsohon zalɓe mai magana, mai baƙar magana ma, da ke raka ta ko'ina. Baba Mai Keke yana ji da zalɓen nan, a cewarsa shi kaɗai ne mai hankali a littafin. Amma ya amsa daga nesa cewa mai karatun ba ta nan, ya shige shago. Ya daure ranar, ya daure washegari, yana sa wa keke mai yana tunanin zalɓe. Da abin ya ishe shi ya tsallaka, ya ce a ba shi zai ajiye wa Auta kada wani ya riga ta. Matar ta miƙa masa tana danne dariya.

Bai ajiye ba. Kafin azahar ta washegari ya kai shafin ƙarshe, ya rufe littafin, ya zauna yana huci. Marubuciyar ta kashe zalɓen. Ba a wani babban yaƙi ba, a'a, tsawa ce ta faɗo masa ana saura kaɗan a gama, don kawai yarinyar ta samu dalilin yin kuka a kafaɗar wani saurayi da bai tsinana komai ba tun farkon labarin.

Magana ta cika masa ciki, ya rasa inda zai sauke ta. Da ya je gida cin abinci ya gwada matarsa.

"Kin san an kashe zalɓen nan?"

"Allah sarki," ta ce tana zuba masa ruwa. "Zalɓen wa?"

Ya koma shago. Wata mai ɗinki ta kawo keken da ke cin yadi, ya buɗe baki zai fara, ta toshe kunnuwa ta ce ita ba ta karanta ba tukuna, ya rufa mata asiri. Ya kwance farantin keken, ya mayar, ya sake kwancewa. Can ya ajiye sukuddireba, ya goge hannu, ya ciro wayarsa daga aljihu. Shi ba mai kiran 'ya'ya ba ne sai in wani abu ya faru, shi ya sa bugu ɗaya Auta ta ɗauka a firgice.

"Baba, lafiya? Mama ce?"

"Lafiyarta lau." Ya yi gyaran murya. Duk gaisuwar da ya shirya ta gudu. "Ta kashe zalɓen."

Yana jin ƙarar takalma da muryoyin asibiti a bayanta.

"Ka karanta?" ta ce a hankali. "Wa ka duba wa?"

"Ba kowa. Ni na karanta."

Sai ya ji ta yi wata irin dariya mai haɗe da jan hanci. "Baba, tun makon jiya na gama shi. A ɗakin hutu na zauna ina ta kuka, abokan aikina suka zaci rasuwa aka yi mini. Ba wanda ya san labarin a nan. Na ɗauki waya zan kira ka, sai na tuna ka ce ka huta, na ce kada in sake ɗora maka."

"Ke ce kika ce karatun dole ne."

"Ni na ɗauka dole ne a wajenka."

"Littafin farko ne kawai dole," in ji shi. Ya juya wa mai ɗinkin baya yana kallon kawunan kekunan da ke jere. Daɗi ne ya kama shi, irin wanda rabonsa da shi tun ranar tasha.

"To taurari nawa ka ba shi?"

"Biyu."

"Haba Baba, wannan ai zalunci ne. Ni huɗu na ba shi. Mutuwar tana da ma'ana, dole yarinyar ta koyi tsayawa da ƙafarta."

"Da ƙafarta ko da kafaɗar wancan malalacin? Tun daga tsakiya zaren ƙasa ya ƙare, ke dai ba ki ɗaga yadin ba ne."

Ya jawo benci da ƙafa ya zauna. Mai ɗinkin ta sake toshe kunnuwa, amma ba ta tafi ba. Suka yi ta yi, shi yana ƙara rabin tauraro yana janyewa, ita tana kawo hujja daga kashi na farko da shi ya manta. Can aka kira ta daga nesa.

"Baba, ana nemana a ɗakin marasa lafiya. Ban yarda da biyun nan ba fa, ba mu gama ba. In na tashi aiki zan kira ka. A wayarka."

"To," ya ce. "Allah ya yi miki albarka."

Ya daɗe yana kallon wayar a tafin hannunsa. Sannan ya miƙa wa mai ɗinkin, ya ce don Allah ta ƙure masa ƙarar kiran, don in keke yana gudu ba ya ji.